Yayana Fasto da Farcen da Bai Yanke Ba

Dattawan ikilisiya sun ce in rubuta tarihin yayana, tun da ga shi zai ajiye aiki, za su buga a ɗan littafin bankwana da suke haɗa masa. Wai ni na fi kowa saninsa. Wannan kam ba su yi ƙarya ba. Amma da suka ƙara da cewa, "A sa zaƙi, Mama, kin san dai," sai na ce musu in zuma suke nema su tafi wurin mai zuma. Na ga abin da sauran suka rubuta. Wani ya ce fitila ne, wata ta ce uban marayu. Duk na yarda. Ni dai abin da na sani shi ne, yayana inuwar giginya ne, na nesa ka sha ta. Ni da nake zaune a gindinta tun ina da majina a hanci, rana ce ta gasa ni.

Mahaifinmu mai aski ne. Shagonsa ɗaki guda ne a bakin titi, da madubi mai tsaga a kusurwa, da bencin masu jira, da kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa tun kafin a haife ni. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yansa, Yaya da ni, kuma akwai tazara sosai tsakaninmu. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, saboda haka Yaya ne uwata. Shi ke yi mini wanka. Shi ke taje mini kai ina kurma ihu, ya ɗaure gashin gida biyu kamar kunnen zomo, ya kai ni makaranta yara suna dariya. Ran Asabar da yamma, in Baba ya sallami na ƙarshe, sai Yaya ya ɗora ni kan kujerar nan, ya ɗauki ƙaramin almakashin Baba ya yanke mini farce. Yana da wani abu da yake yi. In ya gama da yatsa, sai ya ɗaga shi ya hura masa iska, fuu, ya ce, "Wannan ya warke." Sannan ya kama na gaba. Ban taɓa tambayarsa ciwon me yatsan yake yi ba. Na dai san hurawar nan tawa ce ni kaɗai a duk faɗin duniya. Ku riƙe wannan, zan dawo kanta.

Baba ya so Yaya ya gaji shagon. Hannunsa ya fi na Baba laushi, har tsofaffi sun fara cewa, "Bar mini yaron." Sai wata rana ya ce shi an kira shi aikin Ubangiji, zai tafi makarantar tauhidi. Baba ya nuna masa benci cike da mutane ya ce, "Wanda ya kira ka ɗin, ya ga layin nan?" Amma bai hana shi ba. Shi ya yi masa aski da hannunsa ranar tafiya.

Yana can, ni kuma ina sakandaren kwana, ciwo ya kama Baba. Wani maƙwabci ya kai shi babban asibiti a wani gari, ya koma bakin aikinsa, yana zaton wani ya sanar da mu. Ba wanda ya sanar da mu sai da aski ya zo gaban goshi. Ko da muka isa, rai ya yi halinsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara fuskokin jama'a, muka tarar da shi gemu buzu-buzu, farata zaƙo-zaƙo da baƙin datti a ƙarƙashinsu. Ni na faɗi ina birgima. Yaya bai yi kuka ba. Ya tsaya yana kallon kujerar ƙarfe da ke gefen gadon, sannan ya tambayi nas, "Wa ke zama a nan?" Ta ce, "Ba kowa." Ya koma gida, ya kwaso kayan askin Baba a jakar fata, ya dawo ya gyara gawar tsaf kafin a sa ta a akwati. Tun daga ranar jakar nan ba ta rabu da kafaɗarsa ba. Ranar ce kuma, in kuna son gaskiya, na rasa uba da wa a lokaci guda.

Da ya gama karatu aka turo shi unguwar nan, lokacin majami'ar ɗaki ce mai rufin kwano, in ruwa ya sauko sai a dakata da wa'azi don ba mai jin wani. Ba babbar asara ba ce. Ku yafe ni, amma kun ce in faɗi abin da na sani: wa'azin Yaya maganin barci ne. Muryarsa ba ta hawa, ba ta sauka. Ba don bakinsa majami'ar nan ta cika har aka rushe ta aka gina babba ba. Don ƙafarsa ne, da jakar nan.

Ga yadda yake aikinsa, don yaran yanzu da suke zaton dubiya ita ce a tsaya a bakin gado a ɗauki hoto. Kullum da yamma, in an buɗe ƙofar asibiti ga masu dubiya, sai ya shiga. Ya tsaya a ƙofar ɗakin marasa lafiya. Ba ya duba fuska, ba ya tambayar suna ko addini. Kujeru yake dubawa, waɗanda ake ajiyewa a gefen kowane gado. Duk inda ya ga kujera ba kowa, nan ya nufa. Ya zauna, ya shimfiɗa tawul a cinya. In namiji ne ya yi masa aski, ya gyara gemu. In mace ce ya yanke mata farce, in tsohuwa ce ya shafa mata mai a faso. Addu'a sai in mutum ya nema. Kuma ba ya karɓar godiya. In ka fara, sai ya ce, "Ajiye ta. Ran da ka iya tashi, ka duba kujerar na kusa da kai. In ba kowa, ka zauna."

Haka yake yi a gidan yari. Duk wanda za a sake shi, Yaya zai je ya yi masa aski tukuna, wai kada mutum ya fito duniya da kan fursuna. Gawar da ba wanda ya zo nema, shi ake kira. Limamin masallacin bayan kasuwa, wanda suke tsokanar juna kamar abokan wasa, in ya ji labarin baƙon da ya kwanta ba dangi, cewa yake, "A kira mini mai jaka." Famfon da kuke ɗiban ruwa a bakin majami'a, ofis-ofis ya bi har takalminsa ya huje. Duk wannan gaskiya ne, ku buga shi da manyan baƙaƙe.

Ni tela ce. Tawul ɗin da yake shimfiɗa wa mutanen nan, ni nake yanka su, in kalmashe bakinsu da shuɗin zare don kada su ɓace a wurin wanki. Shekara da shekaru, ban taɓa gajiya ba. To ku ji rabon da na samu.

Ranar aurena shi ya ɗaura. Muna fitowa, mai hoto yana jera dangi, na waiga ba Yaya. Lokacin dubiya ya yi. Hoton yana nan a bangon ɗakina, akwai gurbi a gefen damana, kamar wawulo a bakin yaro. Ranar da na haifi ɗan fari, na kusa tafiya lahira. Da yamma sai ga shi a ƙofar ɗakin haihuwa. Zuciyata ta yi fari. Ya duba, ya ga surukata a kujera, ƙawayena a tsaye, ya ɗaga mini hannu daga nesa, ya wuce wurin wata yarinya da mijinta ya gudu. Da na yi masa ƙorafi daga baya, ya dafa kaina ya ce, "Ke kina da mutane, Auta."

Maganar nan na sha ta har ta gundure ni. Ɗana ya karye a hannu: ke kina da mutane, Auta. Gobara ta lashe rabin shagona: ke kina da mutane, Auta. Wato laifina shi ne ban zama abin tausayi ba. Da na kwana a tasha, da tuni na ga yayana.

Matarsa, baiwar Allah, takan ce mini, "Haƙuri, ƙanwata, ni ma haka nake gani." Na ce mata ba ɗaya ba ne. Ke kin aure shi da jakarsa a kafaɗa, kin ga kayan kafin ki ɗauka. Ni na riga jakar.

Watannin baya likita ya ce maƙoƙon da ke wuyana ya isa cirewa. Za a yi mini tiyata, in kwanta 'yan kwanaki, kuma murya za ta dushe na wani lokaci, kada in matsa mata. Maigidana bakanike ne, bakinsa ba birki. Ya gyara zama ya ce, "Likita, dushewar nan, ba yadda za a yi ta zauna dindindin?" Likita ya yi dariya. Ni ban yi ba, don tuni wani tunani ya shige ni.

Tun daga ranar na daina yanke farce. Tela da dogon farce, ku kwatanta. Na ja zaren yadin wata amarya har sai da na sake hannun rigar. Maigida ya ga abin ya yi yawa, ya ce, "Uwargida, shaho za ki koma ne?"

Na ce, "Saurara. In an fito da ni, kai da yara ku zo da safe ku tafi. Lokacin dubiya kada in ga ƙeyar kowa. Kujerata nake so a bar mini ba kowa."

"Kin san me mutane za su ce? Za a ce na yar da ke."

"Su ce."

Ya dubi fuskata, ya dubi faratan, sai ya tafa hannu. "Au! Fasto kike ɗana wa tarko!"

"Yayana nake so ya zauna a gefena. Sau ɗaya. Haramun ne?"

"Mace da furfura, tana kishi da marasa lafiya."

"Furfurar a kanka take?"

Ya ce a'a, shi nasa ma ya zube, kuma ya san wadda ta zubar da shi.

Na je har gida na sami Uwar Zumunta, shugabar matan majami'armu, na ce mata kada su wahalar da kansu, ba na son dubiya. Ta ce, "To, to, Allah ya sa a yi a sa'a." Ashe ta ɗauka kawaici nake yi.

An yi aiki lafiya. Na farfaɗo wuya naɗe da bandeji, ƙarin ruwa a hannu, murya kuwa ko ta sauro ta fi ta. Washegari da yamma na sa aka tayar mini da filo, na jera hannuwana a kan zanen rufa, faratan nan goma suna kallon sama, kujera fayau a gefena. Aka buɗe ƙofa. Sai na ji waƙa tun daga baranda.

Zumuntar mata ce, kwansu da kwarkwatarsu. Fulas na shayi, lemo, ayaba, wata har da matashin kai daga gidanta. Suka kewaye gadon ba masaka tsinke. Uwar Zumunta, wadda Allah ya yi wa jiki, ta sauke shi duka a kan kujerata har ƙarfen ya yi ƙara. Ta ce, "Ƙanwar Fasto guda ta kwanta ba kowa? Ai sai duniya ta zage mu. Shi da ya koya mana!" Na buɗe baki in ce su tashi, iska ce kawai ta fito. Na kaɗa hannu. Suka ce, "Ayya, tana gaishe mu," suka ɗaga murya.

Ta tsakanin kafaɗunsu na hango shi a ƙofa. Ya tsufa, ya ɗan ranƙwafa ta gefen jakar, kwat ɗin nan nasa da ya koɗe. Ya bi kujeru da ido. Ya iso kaina, ya ga taro, ya yi murmushi, ya ɗaga hannu. Na karanta leɓensa: sannu, Auta. Sai ya zo ya zauna a gadon da ke dab da nawa.

Wata tsohuwa ce a gadon, an tsince ta a tashar mota ta faɗi, ba wanda ya san inda ta fito. Ƙashi da fata. Ina kwance ina gani, tsakaninmu bai fi a miƙa hannu ba. Ya ce, "Sannu, Mama, na zo gyaran hannu." Ya shimfiɗa tawul, ga shuɗin zarena a bakinsa. Ya fito da almakashin Baba. Ya kama ɗan yatsanta a hankali, ya yanke, ya goge. Sannan ya ɗaga yatsan, ya hura masa iska, fuu.

"Wannan ya warke."

Jama'a, wuƙar likita ba ta yi mini zafin wannan ba. Ashe duk shekarun nan raba hurawar nan yake yi. Ɓarayin gidan yari, 'yan tasha, duk wanda ya miƙo yatsa, an hura masa. Abu ɗaya tak da na ɗauka an bar mini. Tsohuwar tana ta dariya da bakinta ba haƙori, ni hawaye yana gangara mini cikin kunne. Matan suka ga haka suka ce ciwo ne ya motsa, wata ta ruga kiran nas, sauran suka ƙara wa waƙar wuta. Aka zo aka yi mini allura. Allurar banza.

Da safe Maigida ya zo da ruwan zafi. Na jawo wuyan rigarsa, na raɗa masa a kunne cewa yau a bakin ƙofar asibiti zai tsaya, ya mayar da duk wadda ta zo.

"Ni in tare zumuntar mata? Gara ki ce in tare tirelar da birkinta ya tsinke."

Na ƙura masa ido.

"To, na ji. In an kawo ni ɗakin maza a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ki ce wa yayanki ni ma ba ni da kowa."

Ya tsaya kuwa, Allah ya saka masa. Daga baya na ji Uwar Zumunta ta kira shi azzalumi a gaban masu gadi, ta ce za ta kai ƙararsa wurin dattawa. Bai matsa ba.

Yamma ta yi. Masu dubiya suka shigo, kowa ya nufi nasa. Kujerata ba kowa. Na sake jera hannuwa. Sai na ji jan silifa a ƙasa, shaa, shaa. Na juya ido. Tsohuwar nan ce, ta sauko daga gadonta, tana dafa bango, tana nishi. Kafin in ankara ta zube a kan kujerata.

"Sannu, 'yar nan. Jiya taro kamar kasuwa, yau ko ƙuda. Haka duniya take, kada ki sa a ranki. Fasto ya ce in na iya tashi in duba kujerar na kusa da ni. Ga ni."

Na shiga uku. Na kaɗa mata hannu, tafi, tafi. Ta ce, "Zafi ko?" Ta ɗauki murfin kwano ta hau yi mini fifita.

A haka ya shigo. Ya tsaya a ƙofa, ya bi kujeru. Ranar ko'ina da mutum. Da idonsa ya faɗa kan tsohuwar zaune a gefena, fuskarsa ta washe kamar manomin da ya ga shukarsa ta tsiro. Ya ɗaga mini hannu. Ya gyara igiyar jaka, ya juya zai wuce ɗakin maza.

Ban san lokacin da na fizgi kofin ƙarfe daga kan durowa ba. Na maka shi a jikin gadon, ƙwam, ƙwam, ƙwam. Ɗakin ya yi tsit. Wani jariri ya fasa kuka. Yaya ya juyo.

Tsohuwa ce ta yi magana. "Yauwa, Fasto, zo ka ga abin takaici." Ta kama hannuna ta ɗaga masa. "Dubi nan. Dubi faratan baiwar Allah. Masu waƙar jiya sun cika mana kunne, ba wadda ta dubi hannunta. Ni da aka tsinto a tasha ma nawa bai kai haka ba." Ta juyo gare ni. "'Yar nan, ba ki da ɗan'uwa ne?"

Na gyaɗa kai, ina da shi.

"Namiji?"

Na gyaɗa.

"Yana raye? Ƙafarsa lafiya?"

Na gyaɗa, idona cikin na Yaya.

"To tir! Ɗan'uwa rabin jiki, in ji mutane, wannan ko rabin farce bai kai ba. Fasto, in ka san shi, ka ja masa kunne. Irinsu ne ke cika sahun gaba a wurin ibada."

Nas ɗin da ke rubutu a tebur, wadda ta san mu duka, ta cusa fuska cikin hannu, kafaɗunta suna rawa. Yaya ya tako a hankali har bakin gadon. Ya daɗe yana kallon hannun nan nawa.

"Na san shi, Mama," ya ce. "Zan gaya masa. Ara mini kujerar."

Ya raka ta gadonta, ya dawo ya zauna. Ya zauna! Na ji ƙarar ƙarfen kujerar har cikin ƙirjina. Ya shimfiɗa tawul, ya ɗora hannuna na dama a kai.

"Tun yaushe kike tara su, Auta?"

Na kawar da kai.

Ya yanke na farko. Ya ɗaga yatsan zai hura, na fizge hannuna. Na tattaro ɗan abin da ya rage mini na murya na ce, "Hurawar ta kowa ce."

Ya ajiye almakashin. Sannan ya ce, "A hannunki na koya. Ba na iya yankewa ba tare da ita ba."

Maganar fasto ce, sun iya ta, ban ce ta wanke shi ba. Amma na mayar da hannun. Fuu. Wannan ya warke. Na rufe ido, sai ga ƙamshin sabulun askin Baba yana tashi daga jakar.

Ya gama dama, ya zagayo da kujera ya kama hagu. Rana ta shigo ta taga ta kwanta masa a baya. Na lura hannunsa yana rage sauri. Babban yatsa, manuni, na tsakiya, na kusa da shi. Saura ɗan ƙaramin. Na ji shiru. Na buɗe ido, sai na ga kansa ya sunkuya, almakashi ya zame kan tawul, hannuna yana cikin nasa. Barci. Har da minshari, ƙasa-ƙasa, irin na Baba. Rabon da in ga yayana yana barci tun muna kwana ɗaki ɗaya a bayan shago. Wuyan rigarsa ya lalace, ba wanda ya kawo mini in juya shi.

Da farko haushi ya kama ni. Kowa ya sami addu'arsa, ni minshari ne rabona. Sai kuma na tuna, duk gadajen da ya zauna a gefensu a garin nan, ba inda ya taɓa sakin jiki haka. Wannan kam ba na kowa ba ne.

Ana haka sai ga wata ma'aikaciya daga ɗakin maza, tana sauri. "Ina Fasto? An kawo wani direba, ba shi da kowa." Ta miƙa hannu za ta taɓa kafaɗarsa. Na ɗaga kofin nan da hannun dama. Ban buga ba, na dai nuna mata shi, na nuna mata goshinta. Ta ja da baya.

Daidai nan Maigida ya leƙo, gumi sharkaf, ya gama yaƙinsa a bakin ƙofa. Na nuna shi, na nuna ma'aikaciyar, na nuna hanyar ɗakin maza.

Ya raɗa, "Ni? Me zan ce masa? Ni ba fasto ba ne."

Tsohuwa ta amsa daga gadonta, "Ba a cewa komai, ɗan nan. Zama ake yi."

Ya tafi yana gunaguni. Na ji daga baya sun kwashe lokacin suna gardamar injin mota shi da direban, har yau kuma yana zuwa garejinsa.

Ni kuwa na yi gadin barcin nan har aka kaɗa ƙararrawar fita. Hannuna ya yi sanyi, ya mutu, ban motsa shi ba. Ƙararrawar ce ta tashe shi. Ya zabura, ya dubi agogon bango, kunya ta kama shi, ya hau tattara kaya. Na ɗaga masa ɗan ƙaramin yatsan.

"Gobe, Auta."

Da goben ta zo, zumuntar mata suka ture Maigida suka shigo. Washegarinta aka sallame ni. Kun san sauran: ke kina da mutane.

To, farcen yana nan. Sauran tara ina yanke su da kaina, wannan ban taɓa shi ba. Ya yi tsawo har ya fara lanƙwasa, yana kama zare, jikata tana tsoronsa. Uwar Zumunta ta ce ƙazanta ne, na ce ta kula da nata.

Wannan shi ne tarihin yayana kamar yadda na san shi. Mutumin kirki ne, ban taɓa musu ba, kuma kun more shi. Yanzu ga sanarwa, ku buga ta yadda na rubuta, kada wani dattijo ya gyara mini. Asabar ɗin da za ta biyo bayan sujadar bankwana, da yamma, Fasto yana shagona. Kujerar Baba tana nan, ban yar da ita ba, har yanzu ba ta juyawa. Zan hau kanta, zan kulle ƙofa ta ciki, makullin kuma yana ɗaure a bakin zanena. Duk mai niyyar yin ciwo a ranar, ya nemi Uwar Zumunta, ko limamin bayan kasuwa, ko Maigidana, duk sun iya zama. Yaya zai yanke farcen nan, kuma zai hura.